Kulob ɗinka mai gida ne ko ɗan haya? Darasi daga filayen Italiya zuwa filin Sardauna na Gusau

Idan kana cikin matasan da ke raba dare da waya a hannu suna jan ragamar kulob a Football Manager, ko Dream League Soccer, ko Top Eleven, ga wata tambaya kafin ka ci gaba da karatu: filin da kulob ɗinka ke buga wasa, na waye?

Da yawanmu ba ma leƙa wannan shafin. Da an buɗe gem, kasuwar 'yan wasa ake nufa, a nemo ɗan gaba mai gudu, a sayar da tsohon mai tsaron baya, a tsara 4-3-3. Maganar fili sai ranar da kuɗi suka ƙare, ka je wurin shugabannin kulob kana roƙon a faɗaɗa wurin zaman 'yan kallo, su ce maka ba zai yiwu ba. Idan kulob ɗin Italiya ka ɗauka, akwai yiwuwar ka ji wannan amsar da wuri, domin akasarin manyan ƙungiyoyin ƙasar, har da waɗanda ake musu a kansu a gidajen kallon ƙwallo na Damba da Tsafe da Bunguɗu, sun daɗe suna zaman haya. Kuma idan ka fahimci dalili, za ka fahimci wani abu game da ƙwallon Zamfara da ba a cika faɗa ba.

Gem iri biyu, fili iri biyu

Bari mu fara bambance abubuwa. Akwai gem ɗin da ake bugawa da hannu a gidan PS, wato FIFA, wanda yanzu ake kira EA Sports FC, da PES, wanda ya koma eFootball. A nan kamfani yana sayen lasisi, ya zana fili tamkar na gaske, har launin kujeru da hanyar fitowar 'yan wasa. Sai kuma gem ɗin koci, inda ba kai kake harba ƙwallo ba, naka shi ne tsari da lissafi. Babban yayansu shi ne Football Manager na kamfanin Sports Interactive da ke Landan, wanda ya samo asali daga Championship Manager da wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar a 1992.

A Football Manager, fili tarin bayanai ne kafin ya zama hoto: sunansa, garin da yake, yawan mutanen da yake ɗauka, shekarar da aka gina shi, irin ciyawarsa, da kuma, abin da ya fi komai, mamallakinsa. Tun da aka shigo da hoto mai motsi irin na talabijin a FM 2009, filin da kake gani ranar wasa galibi injin gem ne ke haɗa shi daga waɗannan bayanai. Shi ya sa za ka buga wasa a Milan amma ba ka ga zagayayyun hasumiyoyin nan na San Siro da jajayen ƙarafan rufinsa ba. Masu son gem ɗin ne da kansu ke tattara hotunan filaye na gaske, su yi kunshi, wasu su sauke su ɗora.

To amma inda gem ɗin ya gaza a hoto, ya rama a lissafi. Kuɗin ƙofa yana shiga asusun kulob gwargwadon girman fili da farashin tikiti. Idan haya kuke yi, kuɗin haya na fita. Kana iya neman a faɗaɗa fili, ko a saye shi, ko a gina sabo, amma shugabannin kulob ne ke yanke hukunci, kuma wani lokacin majalisar gari ce za ta hana. Idan aka fara gini, kulob na iya yin ƙaura zuwa filin maƙwabta na ɗan lokaci.

Kwatanta wannan da Dream League ko Top Eleven, waɗanda suka fi yawa a wayoyinmu saboda ba su da nauyi. A can kana tara tsabar gem, ka latsa, fili ya girma. Babu majalisa, babu takarda, babu mai gida. Daɗi gare shi, amma kada ya ruɗe ka. A duniyar gaske ba a taɓa gina fili da latsawa ɗaya ba.

Zebre, Piemonte Calcio da sauran sunayen aro

Wanda ya daɗe a gidan gem zai tuna mamakin da aka sha a 2019, lokacin da aka buɗe FIFA 20 aka nemi Juventus aka rasa. Ga Cristiano Ronaldo nan, amma kulob ɗinsa ya koma Piemonte Calcio, da wata riga da wani tambari da ba wanda ya san su. A Football Manager 2020 kuwa sunan kulob ɗin Zebre, wato jakunan dawa masu zanen fari da baƙi. Dalili shi ne Juventus ta sayar wa kamfanin Konami na Japan, masu PES, keɓantaccen izinin amfani da sunanta da tambarinta da filinta.

Daga nan sai abin ya zama ruwan dare a Serie A. A wasannin EA, Roma ta koma Roma FC, Lazio ta koma Latium, Atalanta ta zama Bergamo Calcio. A Football Manager an yi shekarun da Napoli ke fitowa da sunan Parthenope. Da EA Sports FC 25 ya fito a 2024, Inter ta zama Lombardia FC, AC Milan ta zama Milano FC, San Siro ma aka neme shi aka rasa.

Me wannan ke nuna maka? Sunan kulob da tambarinsa da siffar filinsa duk haja ce da ake sayarwa. Kulob ɗin da kuɗin ƙofa ba ya isarsa, dole ya nemi kuɗi ta kowace kafa, kuma a Italiya kowane kulob kan yi cinikinsa shi kaɗai da kamfanin da ya fi tayi. Kai da ke zaune a gidan gem a Gusau kana tsaki saboda an sauya wa Milan suna, ƙarshen wani dogon lissafin kuɗi kake gani.

Yadda manyan Italiya suka zama 'yan haya

Ɗauki San Siro. Shugaban AC Milan na wancan zamani, Piero Pirelli, shi ya jagoranci gina shi, aka buɗe a watan Satumban 1926 da wasan hamayya, inda Inter ta ci Milan 6-3. A 1935 aka sayar wa hukumar birnin Milan. A 1947 Inter ta shigo, suka zama 'yan haya biyu a gida ɗaya. A 1980 aka sa masa sunan Giuseppe Meazza. Yana ɗaukar mutum sama da 75,000, kuma a nan ne Kamaru ta doke Ajantina ta Maradona da ci 1-0 a wasan buɗe gasar Kofin Duniya ranar 8 ga Yunin 1990. A nan Nwankwo Kanu da Taribo West da Obafemi Martins suka taka leda. Amma tsawon gomman shekaru, har zuwa 2025, kulob biyu da suka haɗa kofin Zakarun Turai 10 a tsakaninsu ba su da ikon rushe katanga ɗaya sai da izinin mai gida.

Haka abin yake a sauran birane. Roma da Lazio suna raba filin Olimpico, wanda mallakar wani kamfanin gwamnati ne. A can ne Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, ya ci wa Roma ƙwallonsa ta farko a ragar Genoa a watan Disambar 2015. Genoa da Sampdoria suna raba filin Luigi Ferraris da aka buɗe tun 1911. Filin Napoli, inda Victor Osimhen ya jagoranci cin kofin Serie A a 2023 da ƙwallo 26, na hukumar birni ne, an buɗe shi a 1959, aka sauya masa suna zuwa Diego Armando Maradona a watan Disambar 2020.

Gyara na ƙarshe da aka yi wa yawancin filayen ƙasar gaba ɗaya shi ne na Kofin Duniya na 1990, inda aka yi amfani da filaye 12, biyu daga ciki sababbi fil: Delle Alpi a Turin da San Nicola a Bari. Kuɗin gwamnati ne, kuma an yi gini ne don gasar wata ɗaya. Da yawa an zagaye su da hanyar tsere, wadda ke nesanta ɗan kallo da ciyawa. Bayan an watse, sai aka bar kulob-kulob da manyan gine-gine masu cin kuɗin kulawa, mai gida ba ya son kashewa, ɗan haya kuma ba zai zuba dukiyarsa a ginin da ba nasa ba.

Ko kulob ya ce zai gina nasa, takardu na jiransa. Roma ta shafe shekaru tana bin aikin sabon fili a Tor di Valle, ta haƙura a 2021, ta koma neman wani wuri a Pietralata. Filin Artemio Franchi na Fiorentina, ginin 1931, yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ba a taɓa shi yadda aka ga dama. A Italiya ginin gwamnati da ya kai shekara 70 yana iya shiga ƙarƙashin irin wannan kariya. Wannan ne ya sa aka yi ta gaggawa a Milan: hawa na biyu na San Siro zai cika shekara 70 a watan Nuwambar 2025. A ƙarshen Satumban shekarar majalisar birni ta amince a sayar wa Inter da Milan filin da kewayensa a kan Yuro miliyan 197, aka sa hannu a farkon Nuwamba. Shirinsu shi ne su gina sabo mai ɗaukar kusan mutum 71,500 a gefensa, sannan a rushe mafi yawan tsohon. Kafin nan ma, a 2024, hukumar UEFA ta janye wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2027 daga San Siro saboda rashin tabbas kan gyare-gyare. Ga shi kuma Italiya za ta karɓi baƙuncin gasar Euro 2032 tare da Turkiyya.

Waɗanda suka fita daga haya

Juventus ce ta fara tsallakewa a cikin manya. Ta karɓi Delle Alpi daga birnin Turin, filin da ke ɗaukar kusan mutum 69,000 amma sau da yawa rabinsa wayam, ta rushe shi, ta gina ƙarami mai ɗaukar kimanin 41,500, aka buɗe a watan Satumban 2011. Babu hanyar tsere, 'yan kallo na dab da layi. Kuɗin tikiti, da na shaguna, da na gidan tarihin kulob, da na sayar da sunan filin, duk suna da hanyar shiga lissafin kulob. A kakar farko a sabon gida ta ci Serie A ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta kuma jera kofi 9 har zuwa 2020. Ba fili kaɗai ya kawo haka ba, akwai koci da 'yan wasa, amma kuɗin da ke shigowa duk ranar wasa shi ke riƙe irin waɗannan 'yan wasan.

Misalin da ya fi kusa da ƙarfinmu shi ne Atalanta, kulob ɗin ƙaramin birnin Bergamo. A 2017 ta sayi filinta daga hukumar birni a kan kuɗin da bai kai Yuro miliyan 9 ba, ta riƙa gyara shi sashe-sashe. Lokacin da ta fara shiga gasar Zakarun Turai a kakar 2019/2020, a San Siro ta riƙa karɓar baƙi saboda nata filin bai cika sharaɗi ba tukuna. A 2024 aka kammala gyaran, a shekarar kuma Ademola Lookman ya zura ƙwallo uku a ragar Bayer Leverkusen a wasan ƙarshe na kofin Europa. Udinese da Sassuolo ma suna da iko da filayen da suke wasa a ciki.

Gwada da kanka. Buɗe sabon wasa biyu a gem ɗin koci, ɗaya da kulob mai filinsa, ɗaya da ɗan haya. Bayan kaka biyar, kada ka duba kofuna tukuna, duba shafin kuɗi. Nan za ka ga gaskiyar masu iya magana da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Mu dawo gida

Yanzu ajiye wayar ka duba Gusau. An ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996. Kulob ɗin jiha shi ne Zamfara United, wanda ya buga gasar Firimiyar Najeriya a shekarun 2000, gidansa kuma filin tunawa da Sardauna da ke Gusau. Fili na gwamnati, kulob na gwamnati. Haka yake a Kano, inda Pillars ke wasa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Haka yake a Katsina da filin Muhammadu Dikko, haka a Sakkwato da filin Giginya.

Ka ga namu ya ɗan zarce na Italiya. Can kulob na 'yan kasuwa ne, fili na gwamnati, don haka ana ja-in-ja, kuma ja-in-jar ce ta kai ga sayar da San Siro. A nan mai gida da ɗan haya mutum ɗaya ne. Albashin 'yan wasa daga baitulmali, gyaran ciyawa daga baitulmali, motar tafiya wasa daga baitulmali. Idan gwamnati mai ci tana son ƙwallo, a ga haske. Idan hankalinta ya koma wani wuri, kuma a jihar da ke fama da matsalar tsaro akwai abubuwa da yawa da ke jan hankali, sai ƙwallo ta jira. Kulob ɗin da ba ya rayuwa da kuɗin ƙofa ba shi da abin da zai tilasta masa faranta wa ɗan kallo.

Mu ma muna da namu 1990 ɗin. Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, kuma Kano da Kaduna da Bauchi duk sun karɓi wasanni. An gyara filaye don baƙi. Amma da aka zo wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026, a filin Godswill Akpabio na Uyo, wanda aka buɗe a 2014, Super Eagles ta riƙa buga wasanninta na gida, domin shi ne ya cika sharuɗɗan hukumar CAF. Gina fili abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da kula da shi shekara 20.

Muna kuma da namu Atalanta ɗin. Remo Stars, kulob mai zaman kansa na ɗan kasuwa Kunle Soname, ya gina filinsa da makarantar horar da yara a garin Ikenne na jihar Ogun. A kakar 2024/2025 ya ci kofin Firimiyar Najeriya, karo na farko a tarihinsa. Ikenne ba babban birni ba ne.

Ko a cikin gem, wa ya san da mu? Football Manager yana dogara ne da masu tattara bayanai sama da dubu a faɗin duniya, da yawansu magoya baya ne kamarka. Shekaru da dama gasar Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu da ake iya bugawa kai tsaye. Mai son jan ragamar kulob ɗin Najeriya sai ya nemi kunshin da wasu masu sha'awa suka haɗa da kansu. Abin da ba a rubuta ba, ba ya shiga gem. Kai da ka haddace yawan kujerun San Siro, ka san tsawo da faɗin filin da kuke buga wasa kullum bayan La'asar?

Filin unguwarku fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarka. Yawancin ƙungiyoyin unguwa, daga Damba zuwa Kwatarkwashi zuwa 'Yandoto, a filin makarantar firamare ko sakandare suke atisaye, ko a wani fegi da mai shi bai tashi gini ba tukuna. Ku kuka kafa turakun raga, ku kuke cike ramuka bayan damina, ku kuke share ƙaya. Amma ranar da aka zo da tifar yashi da bulo, ba ku da ta cewa. Gari na faɗaɗa, filaye na tsada, kuma filin ƙwallo shi ne abu na farko da ake yankawa domin babu takardar da ke kare shi. Ku ma 'yan haya ne, hayar da ko rasit babu.

Ba sai kun jira Yuro miliyan 197 ba. Ga abubuwan da ƙungiyar unguwa za ta iya yi a wannan watan. Ku binciki wa ke da filin: makaranta ce, ƙaramar hukuma, masarauta, ko wani mutum? Ku je da dattijo ɗaya ko biyu wurin hedimasta ko mai unguwa, ku nemi a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, mai nuna ranaku da lokutan da za ku yi amfani da filin da kuma abin da ku za ku riƙa gyarawa. Ku buɗe littafin kuɗi, duk Naira ɗari da aka tara ranar gasa a rubuta ta, a ware wani kaso na fili kafin a sayi sabuwar riga. Ku auna filin, ku ɗauki hotonsa, ku ajiye sakamakon wasanninku da kwanan wata. Idan ɗan takara ya zo da kyautar ƙwallaye da riguna, ku karɓa ku gode, sannan ku tambaye shi maganar takardar fili. Idan kuma aka karanta kasafin kuɗin jiha, ku nemi shafin wasanni ku ga nawa aka ware wa gini, nawa aka ware wa kulawa.

Duk wannan lissafin ka riga ka iya shi. Awannin da ka ɓata kana daidaita albashi da kuɗin ƙofa a waya sun koya maka karanta asusun kulob fiye da yadda kake zato. A daren yau idan ka buɗe gem, shiga shafin fili ka duba layin mamallaki. Gobe da yamma kuma, kafin a raba riga, yi wa kyaftin ɗinku tambayar nan: filin nan da muke tsaye a kai, na waye?